Filin Tambaya Da Amsa: Neman Aure Ta Waya, Ina Ya Cancanci A Sa Kuɗi?

Wasiƙun da suka taru a wannan fitowa yawancinsu daga Zariya da kewayenta suke, kuma kusan duk a kan magana ɗaya, wato manhajoji da shafukan haɗa aure da suka cika wayoyinmu: wanne ne mai inganci, wanne ne asarar kuɗi, wanne ne kuma tarko. Na zaɓi guda huɗu, na sakaya sunayen masu su kamar yadda suka nema.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni bazawara ce mai shekara 34, ina koyarwa a wata makarantar firamare, kuma ina zaune a gidan iyayena tare da 'ya'yana biyu. Shekara uku ke nan da fitowata, waɗanda suke zuwa kuwa ko dai ba auren ne ya kawo su ba, ko kuma sharaɗinsu na farko shi ne in mayar da yaran gidan ubansu. Ƙawayena sun rabu biyu a kan shawara. Wasu sun ce in sauke Muzz ko in yi rajista da Muslima, wasu kuma sun ce waɗannan na mutanen ƙasashen waje ne, gara in biya kuɗin fom a ɗaya daga cikin shafukan dalilin aure da 'yan Arewa ke gudanarwa a Instagram da WhatsApp. Albashina bai kai in yi ta gwaje-gwaje ba. Don Allah wanne ya fi inganci, kuma wanne ya cancanci in sa kuɗina? Daga wata malamar makaranta, Tudun Jukun.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya haɗa ki da nagari, Ya raya miki yaran. Kada ki ji wani nauyi don kin tashi neman mafita da kanki, domin dalilin aure tsohon abu ne a wurinmu, kuma malaman tarihi sun kawo cewa Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, ƙawarta Nafisa ta aika ta buɗe maganar aurenta da Manzon Allah (SAW). Abin da ya sauya a yau shi ne mai dalilin ya koma cikin waya, kuma sau da yawa ba a san ko fuskarsa ba.

Bari in fara da ma'aunin da nake auna su da shi, don ki san inda hukuncina ya dogara. Duk waɗannan hanyoyi abu ɗaya suke sayarwa, shi ne su nuna miki cewa ga wani yana neman aure. Aure kuwa a ƙasar Zazzau ba ya ɗauruwa sai an bi ta zauren iyaye, an yi bincike, an san asalin mutum da sana'arsa da halinsa. Saboda haka hanyar da ta fi daraja a wurina ita ce wadda take kawo miki mutumin da yayanki zai iya shiga mota da safe, ya je unguwarsu ya yi tambaya a kansa, ya dawo kafin magariba. Yawan miliyoyin masu rajista da kamfani ke tutiya da su a duniya, da kyawun tsarin manhajarsa, duk a bayan wannan suke.

Manhajojin gama-gari irin su Tinder, wadda ta fito a 2012, da Badoo da Bumble, ba zan ɓata miki lokaci a kansu ba. An gina su ne bisa al'adar da mutum biyu ke haɗuwa su yi ta fita tare ko da maganar aure ba ta taso ba, hoto ne ke gaban komai a cikinsu, kuma babu gurbin waliyyi a tsarinsu.

Na Musulmi sun fi kusa da buƙatarki. Muzz wani ɗan Birtaniya ne mai suna Shahzad Younas ya kafa ta da sunan Muzmatch, ta fito a matsayin manhajar waya a 2015, sannan ta sauya suna a 2022 bayan kamfanin Match Group, mai Tinder, ya yi nasara a kanta a wata kotun Landan kan batun sunan. Akwai abubuwan da nake yaba mata. Mace na iya dusashe hotonta ta yadda sai wanda ta yarda zai gani, ana sa mai rajista ya ɗauki hoton fuskarsa nan take don a gwada shi da hotunan da ya ɗora, sannan kina iya sa sunan wani naki, uba ko yaya, a riƙa aika masa kwafin hirar da kike yi. Rajista da hira da wanda kuka amince da juna ba sa buƙatar biya. Muslima kuwa tsohon shafi ne na kamfanin Cupid Media na ƙasar Ostireliya, kuma tsarinta ya fi matsa wa mutum ya ciro kuɗi, domin idan ku biyun duk 'yan kyauta ne, hira ba za ta yiwu sosai ba sai ɗayanku ya sayi rajistar kuɗi. Akwai kuma Salams, wadda aka fara sani da Minder, da SingleMuslim ta Ingila da ke aiki tun 2000.

Rauninsu a wurin 'yar Zariya shi ne yawancinsu an gina su ne don Musulmin Turai da Amurka, inda Musulmi suke tsiraru kuma mai neman aure ba shi da dangi a kusa. Ki gwada da kanki kafin ki kashe ko kwabo. Ki taƙaita nisan da kike nema ya tsaya iyakar Kaduna, wadda ke da kimanin kilomita 80 daga nan, da Kano mai kimanin 150, ki sa shekarun da kike so, sannan ki duba mutum nawa suka rage, kuma nawa ne daga cikinsu suka leƙo manhajar a kwanan nan. Wannan adadi shi ne ainihin abin da za ki saya idan kin biya. Ki kuma sani cewa tantance hoto fuska kawai yake tabbatarwa, ba zai gaya miki mata nawa mutumin ya saka ba, ko me ya raba shi da ta ƙarshe.

A nan ne shafukan gida na Instagram da WhatsApp da Telegram suka fi ƙarfi. Duk wanda ya taɓa leƙa su ya san yadda sanarwarsu take: lamba kaza, bazawara, shekara 31, 'yar Zariya, tana da NCE, 'ya'ya biyu, jininta AA, tana son mai addini da sana'a, ba ta ƙi mai mata ba. A cikin layi uku an amsa tambayoyin da uwa Bahaushiya za ta fara yi, har da na jini da na zama da kishiya. Wanda zai ga sanarwar kuma yana iya zama ɗan Gyallesu ko Funtuwa ko Kaduna, kuma tun kafin ya nemi lambarki ya riga ya san da yaran. A wurinki wannan babban abu ne, domin ya kawar da sharaɗin da ya dame ki tun daga bakin ƙofa.

Sai dai duk mai waya da data zai iya buɗe irin wannan shafi yau da dare, ya laƙaba masa suna mai ɗauke da kalmar halal ko sunna, gobe ya fara karɓar kuɗin fom. Ingancin shafin gaba ɗaya ya rataya ne a kan amanar mutum ɗaya, kuma hotonki da lambarki da labarin mutuwar aurenki duk suna cikin wayarsa. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu da suka ɗauki aikin a matsayin ibada, akwai kuma waɗanda da zarar alat ya shiga sai su daina ɗaga waya, ko su riƙa raba lambar mace ɗaya ga duk namijin da ya biya.

Don haka kafin ki tura kuɗi, ki nemi sanin mai shafin da sunansa na gaskiya da inda ofishinsa yake, ki tura ɗan'uwanki ya gani da idonsa idan a Zariya ko Kaduna ko Kano ne. Ki tambaya ko sun yi rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, ki duba ko sunan da ke kan asusun bankin ya yi daidai da wanda suka ba ki. Sannan ki tambaye su abin da suke karɓa daga hannun maza kafin su ba su lambar mace: katin ɗan ƙasa ne da adireshin wurin aiki da lambar wani babba da zai tsaya wa mutum, ko kuwa kuɗi kawai? Amsar wannan tambaya nake so ki fi saurara, domin ta fi duk sauran fallasa ingancin shafi. Wanda ke neman lambar waliyyinki tun a fom, kuma ba ya sakin lambarki sai ya nuna miki bayanan mutumin kin ce kin amince, ya cancanci kuɗinsa ko da ya fi na sauran tsada. Ki kuma ji tun farko, a rubuce, ko kuɗin fom ne kaɗai, ko akwai wani idan an haɗa ku, da wani tukuicin idan an ɗaura.

Matsalar tsare sirri ba ta bar manyan kamfanoni ba. A 2013 masu kutse sun shiga rumbun bayanan Cupid Media, aka kuma tarar da bayanan rajista kimanin miliyan 42 a hannunsu, har da kalmomin sirri a fili ba tare da an ɓoye su ba. Duk hoton da ba za ki so ki gan shi a zauren WhatsApp na unguwarku ba, kada ki ba kowa shi, na gida ko na waje. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba ki 'yancin janye amincewarki da neman a goge bayananki, don haka ki tambayi mai shafin tun yanzu yadda zai sauke sanarwarki ranar da kika ce ya sauke.

Idan kuɗin gwaji ɗaya kike da shi, ki ba shafin gida da ya tsallake waɗannan tambayoyi, ki riƙe Muzz a ɓangaren kyauta tare da sa yayanki cikin hirar, ki bar sauran. Ina kuma roƙonki kada waya ta mantar da ke malamar Islamiyyarku da matar limamin unguwa da abokan aikinki, domin waɗannan sun san ki, sun san masu nema, kuma idan abu ya ɓaci akwai fuskar da za a koma wa.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Na gama karatu a ABU shekara biyu da suka wuce, yanzu ina sayar da kayan waya a PZ. Manhajar da nake amfani da ita kullum tana nuna mini cewa akwai matan da suka nuna suna so na, amma an dusashe hotunansu, sai na biya zan gani. Tana kuma cewa kwamfutarta na zaɓo wa mutum wadda halinsu ya zo ɗaya. Shin biyan yana ƙara wa mutum sa'a, ko dai dabarar kasuwanci ce? Daga wani matashi, Samaru.

AMSA: Ƙanena, Allah Ya sa albarka a sana'ar. Tun da ɗan kasuwa ne kai, ka dubi inda ribar kamfanin take fitowa. Kuɗin shigarsa daga rajistar wata-wata yake zuwa, ranar da ka yi aure kuwa ya rasa mai biya. Ka ɗauke shi kamar dillalin gidan da ake ba la'ada kowane wata muddin ba ka samu gidan ba. Ba ina cewa ba a samun aure ta wannan hanya ba ne, ana samu, amma hotunan da aka dusashe maka an dusashe su ne don zuciyarka ta kasa haƙuri.

Abin da biya ke saya a yawancin manhajojin nan sananne ne: ganin waɗanda suka nuna sha'awa, cire iyakar adadin mutanen da za ka duba a rana, ɗaga bayananka su fito a gaba na ɗan lokaci, da ƙarin hanyoyin tace waɗanda kake nema. Duk wannan yana da amfani ne kawai idan akwai isassun mata masu neman aure da gaske a kusa da kai. Idan waɗanda ke cikin nisan Zariya ba su taka kara sun karya ba, kuɗinka zai sa ka gama ganinsu da wuri ne kawai.

Maganar kwamfuta mai zaɓen mata kuwa an riga an auna ta. A 2012 wasu masana halayyar ɗan Adam ƙarƙashin jagorancin Eli Finkel na Jami'ar Northwestern a Amurka sun bi diddigin binciken da aka yi a kan neman aboki ta intanet, suka kammala da cewa shafukan suna faɗaɗa wa mutum da'irar waɗanda zai iya haɗuwa da su, amma babu gamsasshiyar hujja cewa lissafinsu na iya hango waɗanda zamansu zai ɗore. A farkon 2018 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta hana kamfanin haɗa masoya na eHarmony ci gaba da wani talla da ke cewa kimiyya ta tabbatar da tsarin haɗinsa, saboda ya kasa kawo hujjar da ta gamsar da ita. A 2019 kuma hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta kai Match Group kotu bisa zargin cewa shafin Match.com yana aika wa 'yan kyauta sanarwar cewa wani na son su, alhali an riga an shaida wasu daga cikin asusun da ke aiko saƙonnin a matsayin na zamba, don dai mutane su biya. Na kawo wannan ne saboda ya yi kama da abin da ka bayyana. Ko a Amurkar da abin ya fi karɓuwa, binciken cibiyar Pew da aka fitar a 2023 ya nuna cewa mutum uku cikin goma na manya sun taɓa amfani da irin waɗannan manhajoji, amma kimanin ɗaya cikin goma na masu aure ko tsayayyen abokin zama ne suka ce a can suka haɗu.

Idan ka ga sai ka gwada, ka biya na wata ɗaya tak, kuma a ranar ka shiga Google Play wurin da ake jera rajistocinka ka kashe sabuntawar da ke cire kuɗi da kanta, domin goge manhaja daga waya ba ya dakatar da cirewar. Abin da zai fi jawo maka mai hankali kuwa kyauta ne: ka rubuta gaskiyar sana'arka da garinka da lokacin da kake ganin za ka iya turo magabatanka. Idan ka san ba ka da halin aure nan da shekara guda, ka ji tsoron Allah ka bar 'ya'yan mutane, ka tara kuɗin rajistar a cikin na sadaki da ɗaki.

TAMBAYA: Anti ina cikin damuwa. Wata huɗu ke nan muna hira da wani da muka haɗu a wani shafin haɗa aure. Ya ce shi ɗan Arewa ne, injiniya, yana aiki a Turkiyya, kuma da aure yake so na. Duk lokacin da na ce mu yi kiran bidiyo sai ya ce wurin aikinsu an hana. Yanzu ya ce ya aiko mini da akwatin kaya da waya, amma an riƙe a filin jirgi sai na tura kuɗin kwastan. Ya kuma taɓa neman in tura masa hotona ba hijabi, na tura guda ɗaya. Daga wata ɗaliba, Kongo.

AMSA: 'Yata, kada ki tura ko naira ɗaya, kuma kada ki ƙara tura hoto. Babu akwati, babu waya. Aiki a ƙasa mai nisa, ƙin kiran bidiyo, saurin maganar aure, sannan kyautar da ta maƙale sai an biya, wannan shi ne tsarin da 'yan damfara suka daɗe suna bi, kuma idan kin biya na kwastan gobe za a ce akwai na takarda, jibi na tara. Mai neman aure a al'adarmu shi ke kawo toshi, ba a taɓa jin inda budurwa ke biyan kuɗin fito da toshinta ba.

Kada ki ɗauka wauta ce ta ja miki, domin abin sana'a ce da aka tsara. Hukumar FTC ta ce a 2022 kaɗai kusan mutum 70,000 ne a Amurka suka kai ƙarar damfarar soyayya, da asarar dala biliyan 1.3. A nan gida, a watan Disamba na 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Legas, cikinsu har da 'yan ƙasashen waje, bisa zargin damfarar soyayya da ta zuba jari. A Yulin shekarar kuma kamfanin Meta ya ce ya rufe asusun Instagram kimanin 63,000 a Najeriya da ke da alaƙa da yi wa mutane barazana da hotunan tsiraici don karɓar kuɗi. Hausa da sallama da ambaton Allah a cikin hira ba shaida ba ne, ana koyon su, ana kuma ɗaukar 'yan gida aikin.

Idan kina son ki gani da idonki, ki sa lambar asusun da ya turo a manhajar bankinki ba tare da kin aika komai ba, za ki ga sunan mai asusun, kuma da wuya ya zama nasa ko na wata hukuma. Ki kuma sa hotonsa a Google Lens, manhajar da ke binciko inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, ki ga ko na wani ne aka ɗauko. Kafin ki toshe shi, ki ɗauki hoton duk hirarku da lambobinsa da lambar asusun, ki kai ƙararsa wurin masu shafin. Game da hoton da kika tura, ki gaya wa mahaifiyarki ko yayarki yau, tun kafin ya mayar da shi makami, domin ƙarfin mai barazana yana cikin tsoron da kike yi kada gida su ji. Idan ya yi barazanar watsawa, kada ki biya, biya ba ya ƙare ta. Ki tafi da wani babba wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke Kaduna, dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irin wannan.

TAMBAYA: Malama, ni dattijo ne, na aurar da 'ya'ya huɗu kuma duk mun san gidajen mazajensu tun kakanni. Yanzu autata ta zo mini da maganar wani da ta ce sun haɗu ta wani shafin haɗa aure a waya, ma'aikaci ne a Abuja, asalinsa daga wata jiha maƙwabciya. Raina bai kwanta ba, har na yi niyyar karɓe wayar in hana maganar. Mene ne shawararki? Daga wani uba, Ƙofar Gayan.

AMSA: Baba, Allah Ya ƙara girma da lafiya. Rashin kwanciyar ranku a kan hanya yake, domin nauyin waliyyi Allah Ya ɗora muku. Amma ina roƙon a dubi abu ɗaya kafin a yanke hukunci: yarinyar nan ta kawo maganar gabanku da bakinta. Waɗanda ke faɗawa hannun mugaye yawanci su ne masu ɓoyewa, kuma idan aka karɓe wayar aka rufe ƙofa, abin da za ta koya shi ne kada ta ƙara faɗa.

Inda aka fara ganin juna ba ya cikin abubuwan da ke inganta aure ko ɓata shi. Waliyyi da sadaki da shaidu da siga su ne abin dubawa, kuma duk suna hannunku. Abin da haɗuwar waya ta rage muku shi ne sanin asali da kuka samu a arha a auren yayyenta, don haka sai a biya wannan da bincike mai zurfi. Ku ce ya zo ya gaishe ku a zaure da rana tsaka, sannan ku ba shi lokaci ƙayyadadde ya turo magabatansa. Mai gaskiya zai yi murna da wannan kira, mayaudari kuwa a nan yake fara kawo uzuri.

Bincike kuma yana da tushe a sunna. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta gaya wa Manzon Allah (SAW) cewa Mu'awiya da Abu Jahmin sun nemi aurenta, sai ya bayyana mata cewa Abu Jahmin ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, Mu'awiya kuma ba shi da dukiya, ya ba ta shawarar ta auri Usamatu ɗan Zaidu. Daga nan malamai suka fahimci cewa faɗin aibin mai neman aure ga wanda ya nemi shawara nasiha ce, ba ta shiga cikin giba. Ku tura mutum biyu masu hankali garinsu, kuma kada su tsaya ga waɗanda shi ya ambata. Su sallaci azahar a masallacin unguwar su tambayi liman, su zauna wurin mai shagon bakin layi, su gaida mai unguwa, su ji ko gidan da ya faɗa nasu ne kuma wane irin gida ne. Wani kuma ya je ma'aikatar da ya ce yana aiki a Abuja ya tambaye shi da sunansa a bakin ƙofa, ya ga inda yake kwana, domin halin mutum a garin aiki yakan bambanta da wanda iyayensa suka sani. Idan ya taɓa aure, a nemi jin ta bakin dangin matar. Idan yana da iyali, a tabbatar sun san da maganar, a kuma san inda zai ajiye 'yarku.

Sai gwajin asibiti, wanda ya kamata a yi shi kafin a sa rana, tun zukata ba su yi nisa ba kuma ba a fara kashe kuɗin lefe ba. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar sikila, kuma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. Maƙwabtanmu na Kano sun mayar da gwajin jini kafin aure doka a 2024, wanda ya haɗa da na sikila da ƙanjamau da ciwon hanta. Abin da ya rubuta a shafin cewa shi AA ne, ko hoton takardar sakamako da ya turo mata ta WhatsApp, kada ku karɓe shi a matsayin hujja, domin gyara irin wannan takarda a waya ba shi da wuya. Ku zaɓi asibitin da kanku, ko asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ko wani da kuka yarda da shi, su je tare da ɗaya daga cikin yayyenta, a ɗebi jinin a gabansa, kuma shi zai karɓo muku sakamakon.